Sababbin Kwamfutocin Da Suka Raba Ni Da Kai

Zuwa ga sanyin idanuna, hasken ɗakina, inuwar da nake gudu in fake a cikinta idan rana ta take. Zuwa ga mijina, abokin shawarata, wanda zuciyata ta amsa wa tun kafin bakina ya sami ƙarfin halin amsawa.

Amincin Allah ya shigo ɗakin da kake kwance, ya zauna a bakin gadonka, ya dafa kafaɗarka a madadin hannuna da nisa ya hana shi kaiwa.

Ya ruwan farko da ƙasa ke buɗe baki tana jira! Ya raɓar safiya a kan ganyen da ya kwana da ƙishi! Ya ƙoramar da na saba sha ban taɓa tunanin wata rana za ta ɓoye mini ba! Yaya jikinka? Yaya bayanka, yaya yatsun hannunka na dama? Kana cin abinci kuwa, ko kana ture kwanon gefe kamar yadda ka saba idan abu ya tsaya maka a rai? Wa ke lura da kai idan ka shiga shirun nan naka da ni kaɗai na iya fassara shi?

Yaya Babba, yayanka, da ya bar aikinsa da 'ya'yansa ya tsallaka ya same ka a gidan da masu agaji suka sauke ku, ya gaya mini yanzu ba ka taɓa waya. Ya ce ko fuskarta ce ta yi haske kusa da kai sai ka kawar da kai ka tashi. Shi ya sa na ɗauki biro. Zan ɗauki hoton shafukan in tura masa, shi kuma ya nemi inda za a buga masa su a takarda ya miƙa maka. Ka dubi rubutun da kyau. Nawa ne, da karkacewarsa, da wuraren da na soke, da inda hawaye ya jiƙa tawada. Babu wanda ya tsara mini abin da zan ce.

Jiya da hantsi Yaya ya kira ni. Ya daɗe yana kewaye-kewaye, yana tambayar jikin Inna mahaifiyarku, yana tambayar ciniki, har na gaji na ce, "Yaya, don Allah ka faɗa mini abin da ƙanenka ya aiko ka da shi." Ya ja numfashi ya ce, "Ƙanwata, ya ce ki yi haƙuri. Ya ce ke yarinya ce, kada ki ƙarar da rayuwarki a kansa. Idan kina so, zai sauwaƙe miki."

Zai sauwaƙe mini! Wayyo ruhin raina, wane nauyi na ce maka ya ishe ni? Yaushe na kai kukan aurenka wurin wani? Ka taɓa ganin bishiya ta roƙi a raba ta da saiwarta don ta huta? Na ajiye wayar a kan injin fotokwafi, na zauna a ƙasa a bayan kantar shago. Duk tsawon watannin da ban san ko kana raye ba, ban ji abin da na ji a wannan lokacin ba. A da, mugaye ne suka raba mu. Yanzu kuma kai da bakinka kake so ka ƙarasa musu aikinsu.

Bari in mayar da kai baya, zuwa ranar da abin ya fara, domin ni har yau a can tunanina yake yini.

Wata azahar ce a shagonmu. An ɗauke wuta, janareta na tari a waje, fankar sama na juyawa kamar an yi mata dole. Kana teburinka na ciki, inda matattun kwamfutoci suke jere a kan kanta, kowace da sunan mai ita a manne. Ka buɗe cikin wata tsohuwa kana share ta da buroshi, warin dalma ya cika wurin. Ni ina gaba, tsakanin firinta da injin fotokwafi, ina buga wa wasu ɗalibai takardunsu. Dogo, mai sayar da caja da batiran waya a shagon da ke jikin namu, ya shigo da kofin shayinsa ya zauna a benci. Bature ya biyo bayansa, abokinka tun makaranta, wanda kuka laƙaba wa wannan suna don bakinsa ba ya rabo da zancen ƙasashen waje, alhali ko matakalar jirgi bai taɓa takawa ba.

Dogo ya miƙa maka wayarsa ya ce, "Injiniya, ka ga sabuwar kwamfutar da ta fito? Siririya kamar littafin rubutu. Wai ko fanka babu a cikinta, ba ta zafi, ba ta ƙara."

Ka goge hannu a wandonka ka karɓa. Ina kallonka ta gefen ido, na ga yadda fuskarka ta sake. Ka ce, "Ni dai ko sau ɗaya ne in ciro sabuwa daga kwalinta da hannuna, in shaƙi ƙamshinta. Tunda na fara sana'ar nan gawawwaki nake tayarwa, abin da wasu suka gaji da shi suka yar."

"Kai idan aka ba ka, ai kafin la'asar ka farke mata ciki," in ji Dogo, "ka rufe ta sukurori biyu su rage maka a hannu."

Aka kwashe da dariya. Sai Bature ya gyara zama ya ce, "Ku zauna nan kuna lasar hoto. Manaja ya ce zaure guda gare su cike da irinta, ko leda ba a cire musu ba. Mai haɗa su suke nema. Tikiti nasu, masauki nasu."

Manajan nan na san labarinsa. Mutum ne da kuka haɗu da shi a zauren hirar masu gyara na intanet, inda kuke taimakon juna idan inji ya gagari ɗayanku. Kullum hotonsa da farar riga, a wani ofishi mai bangon gilashi.

Dogo ya kurɓi shayi ya ce, "Mutumin da ba ku taɓa ganin ƙafarsa ba? Daga wuya zuwa sama kuka san shi. Idan jela gare shi fa?"

Ka ce, "Haba Dogo. Mun fi shekara muna hira. Lokacin da Inna ta kwanta asibiti ai shi ya riga ka tambayar jikinta."

Ni kuma na ɗago kai na ce, "To idan kun tafi, wa zai riƙa ciro mini takarda idan ta maƙale a firinta?"

"Madam," in ji Bature, "can ai sun daina amfani da takarda!"

Muka yi dariya duka, har ɗaliban da ke jira. Ya masoyina, da dariya abin ya shigo mana, kamar yadda hadari ke fara aiko da iska mai daɗi kafin ya yaye rufin ɗaki. Wa zai ce hirar benci, hirar kashe lokaci kafin a dawo da wuta, ita za ta ɗauke mini kai?

Ban ga laifinka ba a burin da ka yi, kuma har gobe ba zan gani ba. Na san hannunka. Na san shi tun ranar da na shigo shagon nan ina ɗaliba, ɗauke da kwamfutata da ta mutu da aikin kammala karatuna a cikinta, idona ya yi jawur. Ba ka ce mini kada in damu ba. Kujera ka jawo mini, ka ce in zauna in gani da idona. Ka yini a kanta kana lallaɓa ta kamar mai jinyar jariri, da fuskarta ta kawo haske kuwa na yi ihu na manta a gaban wa nake. Ka dube ni ka ce, "Ke idan kika yi dariya sai in ji kamar an dawo da wuta a unguwa." Na sunkuyar da kai, na tafi gida da maganar nan a ƙirjina kamar mai ɗauke da ƙwai a tafin hannu. Da muka yi aure na karɓi gaban shago, kullum yatsuna da baƙin firinta, sai ka sa mini Mai Tawada. Babu mai kirana haka a duniya sai kai. Hannun da ya iya wannan tausayi ga ƙarfe da waya, me zai hana ya yi marmarin taɓa sabon abu?

Duk da haka zuciyata ba ta kwanta ba. Wata safiya muna ɗaga ƙofar shago na tambaye ka: ƙasar da take da injuna irin waɗannan, ta rasa mai haɗa su ne sai an aiko an ɗauke ka? Ka ce sun fi son wanda ya saba da wahala. Ka nuna mini takardun da suka turo, da tambari da sa hannu. Ka kira Manaja ta bidiyo ya gaishe ni da ladabi, har ya tambayi sunan maganin Inna wai zai sa a nemo mata mai kyau. Bature fasfonsa bai fito a kan lokaci ba, ya zo shago yana share ƙwalla kamar wanda aka yi wa rasuwa. Kai naka ya fito.

Ka tuna yammacin da ya rage saura kaɗan ka tafi? Ruwa ya tsare mu a shago, babu mai shigowa. Ka ce in zo ka koya mini ciro takarda. Ka buɗe bayan firinta, ka kama hannuna ka sa shi a kan abin da ke jan takardar, ka ce in ja a hankali, da hannu biyu, kada in fizga. Na iya tun a karon farko, amma na yi ta cewa ban gane ba don kada ka saki hannuna. Kai ma ka san na iya. Ruwa na dukan kwano, titi ya zama kogi, mu kuma muna tsugune a bayan inji muna maimaita darasi ɗaya. Ya farin watana, da na san abin da ke gaba, da na roƙi Allah kada ruwan nan ya ɗauke!

Saƙonninka na farko sun zo da hotuna: kwalaye a tare har rufi, tebura a jere, sababbin kwamfutoci suna sheƙi kamar ruwan tafki da safe. Dogo ya ce to, ya janye maganar jela. Inna ta sa na nuna wa duk wanda ya shigo gaishe ta. Daga nan sai kira ya daina shiga. Saƙo kuma ya koma gajere, iri ɗaya kullum: "Matata, ina lafiya, aiki na tafiya daidai, kada ki damu." Matata! Yaushe ka taɓa rubuto mini haka? Ina Mai Tawada? Ina tambayar ko Inna ta sha maganinta, abin da ko kasuwa ka je sai ka kira ka yi? Na kai wa Dogo wayar na ce, "Wannan ba shi ba ne." Ya karanta, ya sake karantawa, bai yi barkwanci ba.

Sai wata safiya, ina tsakiyar fotokwafi, baƙuwar lamba ta kira. Muryarka ce, ƙasa-ƙasa, kamar daga cikin rijiya. Ka ce, "Kada ki yi magana, ki saurara. Sun karɓe fasfona. Ba gyara ba ne. Ki gaya wa Yaya." Layin ya yanke. Injin ya ci gaba da fitar da takardu suna zubewa ƙasa, ni kuma ina tsaye ina kiran sunan Allah.

Ba zan cika ka da labarin abin da ya biyo baya ba. Ni da Yaya mun san bencin kowane ofishi, mun san muryar kowane mai cewa a dawo mako mai zuwa. Bature ya koma zauren hirarku ya tarar Manaja ya ɓace, da hotonsa da lambarsa, kamar ba a taɓa yin sa ba. Da ya rubuta abin da ya faru, sai mutane suka fara fitowa: wannan ƙanensa, wancan ɗansa, waccan mijinta. Inna ta rame har zobenta ya daina zama a yatsa. Ni kuwa ina buɗe shago kullum, domin idan na zauna a ɗaki rigunanka da ke rataye a bayan ƙofa ba sa barina in yi numfashi. Masu kwamfutoci suka zo ɗaya bayan ɗaya suka kwashe kayansu ba a gyara ba. Teburinka ban bari kowa ya zauna ba.

A cikin waɗanda suka fito akwai wata mata, muna kiranta Uwar Tagwaye. Mijinta ma haka aka ɗauke shi, zuwa gini ɗaya da kai. Ban taɓa ganinta ido da ido ba, garinsu da nisa, amma ita ta riƙe ni. Ranar da na kasa tashi ita ke kira ta ce, "Tashi ki wanke fuska, 'yar'uwa, idan suka dawo kada su same mu a kwance." Ta nan na gane ba kowace murya ta cikin waya ce ƙarya ba. Da labari ya zo cewa 'yan sandan can sun fasa ginin sun fito da mutane, tare muka yi ta bin sunaye, tana can ina nan. Naka ya fito. Na mijinta bai fito ba, har yau da nake rubuta maka.

Yaya ya gaya mini sauran. Kada ka yi fushi da shi, ni na matsa masa. Ya gaya mini doguwar katanga da waya mai ƙaya a samanta, da masu gadi a ƙofa. Ya ce kwamfutocin nan da ka yi mafarkinsu, kai ka ciro su daga kwali ka haɗa su, da ka gama sai aka zaunar da kai a gaban ɗaya. Aikin shi ne ku riƙa rubuta wa mutanen da kaɗaici ya dama, da sunan ƙarya da hoton ƙarya, ku nuna musu so har su yarda, sannan a kwashe abin da suka mallaka. Ya ce ka ƙi. Ya ce ya ga bayanka da idonsa, ya ga yatsun da suka karye suka haɗe a karkace, don haka babu mai gaya masa cewa ba ka ƙi ba. Ya ce an hana ka abinci, an tsayar da kai a rana, an doki wani yaro a gabanka aka ce saboda taurin kanka ne. Daga ƙarshe ka rubuta.

Na ce wa Yaya ya ƙarasa. Ya ce ka riƙe hannunsa ka ce, "Yaya, da abin da suka tsara mana ya ƙare, suka ce rubutuna babu rai, za su koma kan yaron can da duka. Ban san wasu kalmomin so ba sai waɗanda na gaya wa matata. Maganar dawo da wuta a unguwa, na rubuta wa wata mata da ban sani ba. Ta yarda da ni. Da wane baki zan sake kiran matata? Da wane ido zan dube ta?"

Ya abin ƙaunata, ba zan yi maka ƙarya ba, ƙarya ta ishe ka haka. Ya yi mini ciwo. Na rufe shago da rana tsaka, na jingina da ƙofa daga ciki na yi kukan da ban yi ba tun tafiyarka. Maganar nan tawa ce. Ita na ajiye a inda ba na ajiye komai, ita nake ɗaukowa idan mun sami saɓani, ita ta raka ni duk ofisoshin nan. Na yi kishi, kishi mai ɗaci, da matar da ban san sunanta ba, ban san launin fatarta ba. Na ce me ya sa ba ka ƙirƙiro wata ba? Me ya sa tawa?

Da kukan ya lafa sai na fara ganinta. Wata mata a wani ɗaki, ita kaɗai, wataƙila mijinta ya rasu, wataƙila 'ya'yanta sun watse, tana karanta maganar nan tana murmushi kamar yadda na yi. Ai dole ta yarda. Magana ce ta gaskiya, an dai kai ta inda ba nata ba da ƙarfin sanda. Ni na sami mai maganar, ita kuwa an bar ta da hannu wayam da zuciya a fashe. Tun daga lokacin nake sa ta a addu'a. An cuce ta, an cuce ka, an cuce ni, kuma wanda ya yi cutar yana can ya sake farar riga yana tambayar jikin uwar wani.

To don me za ka hukunta ni a kan laifinsa? Idan aka tare ƙorama aka karkatar da ita cikin kwata, sai a ce idon ruwan ya ƙazantu? Idan hayaƙi ya rufe wata, watan ne ya ƙone? Kai da ka bari aka karya maka yatsun da kake cin abinci da su kafin ka taɓa madannin kwamfutar nan, kai ne za ka ce ba ka cancanci ka shigo ɗakinka ba? Na san ka cutar da wata, kuma na san ba za ka manta ba. Da a ce ka manta, da ka fito kana dariya kana cewa ai dole aka yi maka, wallahi da na ji tsoronka. Wannan kunyar da ke cinka ita ta tabbatar mini mijina ne aka fito da shi daga ginin nan, ba wani ba.

Na gaya wa Uwar Tagwaye saƙon da ka aiko. Ina jin yaranta suna wasa a bayanta. Sannan ta ce, "Ki ce masa ni da za a kawo mini nawa, ko bebe ne, ko gurgu, ko bai sake kallona ba har abada, da na yi sujada a tsakiyar titi. Ki ce masa kada ya yi wasa da abin da Allah ya ba shi." Na isar maka kamar yadda ta faɗa.

Inna ba ta san da zancen sauwaƙewa ba, kuma ba za ta ji daga bakina ba. Ta sa an wanke labulen ɗakinka na gidanta, wai ko za ka so ka fara hutawa a can. Dogo ya ce in gaya maka bencin ya yi masa faɗi. Bature kuwa kullum da safe yana zuwa ya share ƙofar shago ya ɗebo mini man janareta, ba ya haɗa ido da ni, ba ya zama. Tun da abin ya faru ban sake jin ya ambaci wata ƙasa ba. Na ce masa ba shi ya yi ba, ya ce sai ya ji daga bakinka. Shi ma jiranka yake. Ka ga, ba kai kaɗai kake ɗauke da kaya ba, kuma akwai wanda ba zai iya sauke nasa ba sai ka dawo.

Yaya ya ce kana zama da masu bincike kana gaya musu duk abin da ka iya tunawa, ko za a gano matar nan da sauran. Ya ce bayan kowane zama sai ka yini ba ka magana. Ka ci gaba, ya jarumina, ko da muryarka na rawa. Idan aka same ta, kuma ka ji kana so ka roƙi gafararta, ba sai ka taɓa inji ba. Ka zauna a gefena ka faɗa, ni zan rubuta da hannuna. Idan ka kasa, mu tsaya, gobe mu ci gaba. Ba zan gyara maka ko kalma ɗaya ba, ba kuma zan tashi in bar ka da ita kai kaɗai ba.

Ban ce ka dawo ka zama yadda kake a da ba. Idan ba ka son ganin kwamfuta, mu juya fuskokinsu bango, ko mu kwashe su gaba ɗaya, firinta da fotokwafi sun isa su riƙe mu har ka ga abin da ranka ke so. Idan kalmomin so sun yi maka nauyi a baki, ka bar su, ni ina da masu yawa, zan yi na mutum biyu. Kai ne daminata, kai ne sanyin da ke biyo bayan ruwa, kai ne tauraron da nake duba in gane gabas. Kai ne gidana, ya mijina. Ɗakin nan bango ne kawai da rufi. Ta yaya za ka ce in zaɓi rabuwa da kai, alhali ni ban san inda kai ka ƙare ni na fara ba?

Ga amsata, ka ji ta da kyau, kuma Yaya shaida ne: ba na so. Ban so jiya ba, ba na so yau, kuma idan ka sake aiko da tambayar amsar ba za ta canza ba.

Yaya ya ce takardunku sun kusa fitowa, ya ce kuma kana roƙonsa idan kun sauka ya wuce da kai wani gari inda ba a san ka ba. Kada ka yi mini haka, don girman Allah. Ranar da jirginku zai sauka zan kulle shago in zo in tsaya a bakin ƙofar fitowa, daidai inda ƙarfen tare mutane ya ƙare. Ba zan yi ihu ba, ba zan tara maka jama'a ba. Idan ba za ka iya ɗaga kai ba, ka taho kana kallon ƙasa. Ko ka rame, ko ka yi furfura, ko ka ja hula ka rufe fuska, na san tafiyarka a cikin mutum dubu. Kai dai ka yi ta takowa. Ni zan tare ka.

Taka a samu da rashi, taka a lafiya da ciwo, taka muddin rai na jikina,

Matarka, wadda ba ta da niyyar zama ta kowa bayanka.